Kafin a Kunna Injin Walda: Awon Shasin Mota a Garejin da Ƙasarsa Ba ta Yi Lebur Ba

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Jama'a masu saurare, wannan shi ne filinmu na masu sana'ar hannu. Gaisuwa ta musamman ga kanikawa, da masu walda, da masu bugun mota, da yaran gareji, waɗanda na san yanzu haka wasunsu suna kwance a ƙarƙashin mota, rediyo kuma na rataye a reshen darbejiya. Sannunku da aiki, Allah ya yi wa nema albarka.

Yau maganarmu a kan shasi ce, wato ƙashin bayan mota, wanda wasu ke kira firam. Muna nufin shasin tsohuwar mota da aka kwance ana son a tayar da ita, ko wadda ta yi hatsari aka kawo ta gyara. Tambayar da za mu bi ita ce: yaya za ka tabbatar shasi a miƙe yake, alhali ƙasar da ka ajiye shi a kai ita kanta a karkace take? Duk wanda ya zagaya garejojinmu, daga kewayen Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, har Maraɗi da Damagaram, ya san yawancinsu fili ne kawai. Turɓaya ce da ta sha baƙin mai, nan tudu can kwari. Inda aka yi daɓen siminti ma, magini da gangan yake karkata shi don ruwa ya gangara waje. To a irin wannan wuri muke aiki, kuma a nan ɗin za mu yi awon.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Kawuna yana da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan da kamfanin ya fara aiki a can a 1975. Shekara da shekaru tana ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, har tsatsa ta cinye mata ƙasa. In ka zauna a gaba kana hango titi ta ƙarƙashin ƙafarka. Kawu ya ce ba zai rabu da ita ba, aka kai ta wani gareji. Mai gyaran ya ɗora ta a kan madogaran ƙarfe guda huɗu, ya yanke duk inda ya ruɓe, ya sa sabon ƙarfe. Mako uku yana walda, kuma in gaya muku gaskiya, waldar ta yi kyau, layinta kamar ɗinkin keke. Aka yi fenti, aka sauke ta a kan tayoyinta.

A nan aka ga ta'asa. Ƙofar fasinja ta ƙi rufuwa sai an sa kafaɗa. Ta direba kuwa, in ka rufe, yatsa yana shiga ta sama. Mai gyaran ya zagaya motar sau biyu, ya ce, "Alhaji, wallahi waldata ba ta da matsala." Kawu ya ce, "Na sani, Malam, ai ina gani. To amma ƙofa fa?" Ba a yi wata guda ba gilashin gaba ya tsage daga kusurwa ba tare da dutse ya same shi ba.

Wani dattijon bakanike da ke maƙwabtaka da wurin ne ya warware mana. Bai taɓa motar ba tukuna, ya tafi inda aka yi aikin, ya tsuguna yana duban sawun madogaran nan huɗu a ƙasa. Sai ya kira yaron garejin ya ce, "Yaro, ɗebo mini ruwa a jarka, ka aro mini tiyon magina." Yaron ya ce, "To, Baba." Cikin rabin sa'a dattijon ya nuna mana cewa wurin da madogarin gaba na dama ya tsaya ya fi sauran zurfi da kusan faɗin yatsa biyu. Lokacin da aka yanke ruɓaɓɓen ƙarfen, jikin motar ya yi laushi, ya bi ramin ya kwanta. Mai walda kuma ya zo ya ɗinke shi a haka. Murɗewar da ƙasa ta jawo, wuta ta tabbatar da ita.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin sirrin wannan al'amari. Dubi murhu. Duwatsu uku ake sawa, kuma ko yaya ƙasa take, tukunya za ta zauna daram a kansu, kowane dutse ya ɗauki rabonsa. Ƙara na huɗu ka gani: sai tukunya ta fara rawa, domin da wuya na huɗun ya zo daidai da sauran ukun. Shi ya sa tebur mai ƙafa huɗu kullum ake cusa masa kwali a ƙafa ɗaya. To tukunya da tebur suna rawa ne su sanar da kai. Shasi ba ya rawa. Dogo ne, ga nauyi, saboda haka sai ya ɗan murɗe ya taɓa duka huɗun, ka dube shi ka ga ya zauna lafiya lau. Wannan ita ce illar. Shasin da yake a miƙe zai iya nuna maka kamar a murɗe yake, wanda yake a murɗe kuma zai iya ɓoye aibinsa, duk gwargwadon yadda ƙasa ta so.

Kafin a ɗora wa shasi laifi, a fara sallamar sauran waɗanda ake zargi. Mota na tafiyar kaguwa, wato gindinta na bin gefe ɗaya? Taya na cinyewa ta baki ɗaya? Sitiyari ba ya zama a tsakiya? Duk waɗannan shasi na iya jawo su, amma notin tsakiyar sifirin, wanda kanikawa ke kira santa bol, idan ya karye aksul na baya ya zame, shi ma haka motar za ta yi. Bushin da ya mutu ma haka. Sifirin ɗin da ya gaji a gefe ɗaya zai kwantar da motar, taya mai ƙarancin iska ma za ta kwantar da ita. Shi ya sa awon da wasu ke yi, su sa tef daga ƙasa zuwa bakin jikin mota a saman kowace taya, ba ya faɗin komai a kan shasi. Labarin iska da sifirin da tudun ƙasa kawai yake ba ka, a cakuɗe. Mai son ya auna shasi, sai ya ɗauke nauyin motar daga kan tayoyi ya tallafi ƙarfen kansa.

Wurin aiki kuwa, a zaɓi inda ƙasa ta fi tauri, cikin inuwa, a share shi tas. Ƙarƙashin kowane madogari a shimfiɗa katako mai kauri ko farantin ƙarfe, domin ƙafar madogari tana nutsewa cikin turɓaya a hankali, musamman da damina. Idan ana buƙatar ƙarin tsawo kaɗan, a sa falle-fallen ƙarfe. Kwali da roba suna lotsawa, awon safe ya bambanta da na yamma. A nan zan roƙe ku abu guda don girman Allah: kada a ɗora mota a kan bulon siminti, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulo ba ya yin kashedi, lokaci guda yake wargajewa. Oga, yaron nan da kake turawa ƙarƙashi amana ce iyayensa suka ba ka.

Yanzu mu zo kan tiyon Baba. Tunda ƙasa ba abin dogaro ba ce, dole mu samo wani layi da muka tabbata a kwance yake sosai, mu riƙa awo daga gare shi. Ruwa ne zai ba mu wannan layin. Allah ya halicci ruwa da ɗabi'a guda: idan yana cikin mazubi biyu da ke haɗe, samansa a nan da samansa a can tsawonsu ɗaya, ko da ƙasar tsakaninsu tudu ce ko rami. Magina da shi suke daidaita harsashin gini. Ka sayi tiyo garai-garai wanda ake ganin cikinsa, mai kaurin ɗan yatsa, kamar mita 10. Ka cika shi da ruwa, ka ɗan zuba shuni ko ruwan zoɓo marar sukari don ido ya riƙa gani. Sannan ka kafa sanduna huɗu masu ƙarfi a kusurwoyi huɗu na motar, nesa kaɗan yadda ba za a yi tuntuɓe da su ba. A sanda ta farko ka ja alama a tsawon da ya ɗan gaza ƙasan shasi. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo a nan, yana ɗagawa yana saukewa har saman ruwa ya zo kan alamar. Na biyu ya kai ɗaya bakin sanda ta biyu, ya jira ruwa ya natsu, ya ja tasa alamar. Haka ta uku, haka ta huɗu. Daga ƙarshe a dawo ta farko a sake gwadawa. Idan ta yi daidai, alamomin nan huɗu suna kan layi ɗaya. A ɗaure siririn zare mai ƙarfi a tsakaninsu, a ja shi tam har ya riƙa ƙara in an taɓa. Wannan zaren shi ne sabuwar ƙasarka. Daga yau duk awon tsawo daga kansa ake yi.

Tiyon nan yana da sharuɗɗa, kuma wanda ya raina su zai sha mamaki. Kumfar iska ko ɗaya kada ta rage a ciki. A ɗaga tiyon a riƙa ɗan bugunsa har ta fita. Kada a taka shi, kada ya lanƙwashe, kada a toshe bakinsa da yatsa lokacin karatu. Saman ruwa a cikin tiyo yana ɗan lotsawa a tsakiya, to ku biyun ku yarda tun farko cewa ƙasan lotsawar za ku riƙa karantawa, ido kuma ya zo daidai da ruwan. Kafin a fara, a haɗa bakunan biyu kafaɗa da kafaɗa a gani ko ruwan ya tsaya wuri ɗaya. Sai kuma rana, wadda mutane da yawa ba su kula da ita. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi. Idan gefe ɗaya na tiyon yana cikin rana ya kai digiri 40, ɗayan yana inuwa a digiri 20, ruwan kuma ya tashi rabin mita a tsaye, bambancin da za ka gani zai kai milimita 3. Za ku ji nan gaba cewa milimita 3 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka a yi awon da sassafe, ko a tabbatar tiyon gaba ɗaya yana inuwa.

Wani zai ce yana da lebur mai kumfa irin na magina. Yana da amfani, amma gajere ne, kuma shi ma sai an gwada shi: ɗora shi a wuri ɗaya ka duba kumfar, ka juya shi kai ya koma gindi ka sake dubawa. Idan kumfar ta sauya wuri, leburin ne ke da ciwo. Na'urar lesa mai jan haske tana sauƙaƙa aiki ga mai halin saye, sai dai haskenta ba ya ganuwa sosai a tsakar rana. Ni dai na fi natsuwa da tiyo, domin ba ya buƙatar batir kuma ba ya lalacewa don ya faɗi ƙasa.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake auna shasin mota a garejin da ƙasarsa ba ta yi lebur ba. Mun samu layinmu na ruwa. Wanda ke da biro da takarda ya matso da su.

Abu na farko da za mu nema shi ne murɗewa, kuma a nan za mu koma wa murhu. Ka tallafi shasin ta baya a wurare biyu da suke tagwaye, ɗaya hagu ɗaya dama, ka yi ta ƙara falle-fallen ƙarfe har tsawonsu daga zare ya zama ɗaya. Ta gaba kuma ka tallafe shi a wuri guda tak, a tsakiyar ƙarfen da ya gitta ya haɗa dogayen ƙarafan biyu. Yanzu shasi yana kan duwatsu uku, ba abin da ke tilasta masa, zai nuna ainihin halinsa. Ka ajiye wasu madogarai biyu a gefe da gefe ta gaba, kusa amma ba su taɓa ba, don tsaro, kuma a wannan hali ba mai shiga ƙarƙashi. Sai ka auna daga zare zuwa wurare biyu tagwaye na gaba. A ce ta baya ka samu santimita 20 hagu, 20 dama. Ta gaba kuma ka samu 18 hagu, 19 da ɗigo 2 dama. To shasinka ya murɗe da milimita 12, kuma ba ƙasa ce ta faɗa maka ba. Ka ci gaba da bin dogayen ƙarafan, kowane taku biyu ka auna hagu da dama ka rubuta. A nan za ka gane ko wani wuri ya lotsa ƙasa ko ya yi doro. Ka tuna kuma inji yana da nauyi: awon da aka yi da inji a ciki ba zai zo ɗaya da wanda aka yi bayan an cire shi ba, don haka ka rubuta a wane hali ka auna.

Abu na biyu, mu sauko da siffar shasin ƙasa, kamar yadda tela ke zana riga a kan yadi. Kayan aikin shi ne ƙarfen nan mai tsini da magina ke ɗaura wa zare su duba miƙewar bango. Daga ina za a sauke shi? Daga ramukan da kamfani ya huda da kansa a jikin shasi, da tsakiyar notunan da ke riƙe da sifirin da ƙafafun mota. Kada a auna daga bamba ko daga wurin da guduma ta taɓa bi. Idan ka rataya zaren daga tsakiyar rami a hagu, to a dama ma daga tsakiya. A daɓen siminti, manna farar takarda a ƙasa. A turɓaya, kafa guntun filawud da ƙusoshi yadda ba zai motsa ba. Ka bar tsinin ya sauko har ya kusa taɓawa, ka jira ya daina lilo, sannan ka ɗiga alama da fensir mai kaifi. Alli ya yi kauri, layinsa kaɗai ya fi kuskuren da kake nema. In iskar hunturu na kaɗawa, a kare wurin da buhu ko kwano, in ba haka ba zaren ba zai tsaya ba.

Ga wani abu da zai kwantar muku da hankali. Karkatar ƙasa tana ɓata awon tsawo ƙwarai, amma awon da ake yi a kwance tsakanin ɗigo da ɗigo ba ta cika taɓa shi ba. Idan tsakanin ɗigo biyu mita 3 ne, ɗaya kuma ya fi ɗaya tudu da santimita 3, abin da zai ƙaru a tef ɗinka bai kai rubu'in milimita ba. Abin tsoro shi ne dutse ko tudun da tef zai hau a tsakiya, ko tef ɗin da aka bari ya yi ciki. A share hanya, a ja shi sosai. Tef guda ɗaya za a yi amfani da shi tun daga farko har ƙarshe, na ƙarfe. Ƙugiyar bakinsa tana motsi, to a fara karatu daga kan santimita 10, a riƙa cire goman daga baya.

Sai awon gicciye, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ka ɗauki ɗigo huɗu da suka yi akwati: biyu gaba, biyu baya. Auna daga hagu na gaba zuwa dama na baya, sannan daga dama na gaba zuwa hagu na baya. A shasi mai lafiya su biyun ɗaya suke. Ga misali, ku rubuta. Akwati mai faɗin santimita 80 da tsawon 150, gicciyensa 170 ne cif, ta kowane ɓangare. To a ce mota ta daki wani abu da kusurwa ɗaya, dogon ƙarfen gefen ya ja baya da santimita 1 kacal. Ido ba zai gani ba. Amma gicciye ɗaya zai zama kusan 170 da ɗigo 9, ɗayan kuma 169 da ɗigo 1. Kun ga santimita 1 ya fito a matsayin kusan 2. Wannan shi ne daɗin gicciye, yana kumbura laifi har a gan shi. Kada kuma a tsaya a babban akwati guda. A raba shasin uku: gaba, tsakiya, baya, a yi wa kowanne nasa gicciyen. A fara da na tsakiya, ƙarƙashin mazaunin mutane, domin nan ne ya fi ƙarfi kuma hatsari bai cika isa gare shi ba. Idan tsakiya ta yi daidai, sai a ja layi ta tsakiyarta a miƙa shi gaba da baya, a ga ko hanci ko gindi ya kauce.

Amma gicciye shi kaɗai ba ya wanke shasi. Idan mota ta yi karo gaba da gaba, ƙarafan biyu suka tamuke daidai wa daida, gicciye zai zo ɗaya alhali motar ta gajarce. Maganin wannan shi ne adadin da kamfani ya bayar a littafin gyaran motar, wanda sau da yawa ana samunsa a intanet. In bai samu ba, a nemi 'yar'uwarta mai lafiya wadda ba ta taɓa hatsari ba, a auna ta, a kwatanta. Tsohuwar Land Rover ma sunanta ke faɗin awonta: 88 ko 109, wato inci nawa ne tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya. Kuma a sani ba kowace mota aka ƙera hagu da dama ɗaya ba. Renault 4, wadda Faransa ta fito da ita a 1961, tazarar tayoyinta a gefe ɗaya ta fi ta ɗayan da santimita 4 zuwa 5, haka aka yi ta daga kamfani, saboda sandunan ƙarfen da ke mata aikin sifirin a baya an jera su ne ɗaya gaban ɗaya. Wanda bai san haka ba zai ɗauko sarƙa ya ja lafiyayyar mota har ya ɓata ta. Ko a motocin da muka saba da su, akwai ramuka da maƙalai da ke gefe ɗaya kawai, ko aka ɗan gusar da su saboda tankin mai ko akwatin sitiyari. A tabbatar tagwaye ne na gaskiya kafin a kwatanta.

Nawa ne kuskuren da za a yafe? Masu gyaran jikin mota da dama milimita 3 suke ɗauka a matsayin iyaka a wuraren da ke riƙe da ƙafafun mota. Tsofaffin motoci masu shasi daban da jiki suna da ɗan haƙuri fiye da haka. Nawa ra'ayin, idan bambanci ya wuce rabin santimita, a sake awon daga farko, mutum daban ya riƙe tef. Idan ya sake fitowa haka, a gyara kafin a ci gaba. Kada a ce injin alaimen zai ɗauke. Shi alaimen 'yan gyare-gyaren tsayuwar taya yake yi a cikin iyakar da aka ba shi, ba ya miƙar da ƙashi.

Yanzu ga masu walda, domin a hannunku aikin ke ɗaurewa ko ya kwance. Kafin ku yanke ko taku ɗaya daga jikin mota, musamman irin motocin da jiki da shasi duk abu ɗaya ne, ku tokare ta. Ku gitta ƙarfe a bakin kowace ƙofa, ku yi gicciye a cikin ɗakin daga gefe zuwa gefe, ku ɗiga masa walda. Lokacin aiki kuma a koma kan madogarai huɗu ko fiye, amma kowanne a ɗago shi ne har ya zo daidai da adadin da ke takarda, ana aunawa daga zare. Gefe ɗaya ake yankewa a gama shi kafin a taɓa ɗayan. Sabon ƙarfe a fara ɗiga masa walda nan da can, a tsaya, a auna, a rataya ƙofa a ga yadda take rufuwa. Wuta tana jan ƙarfe idan yana hucewa, saboda haka dogon layi guda a gefe ɗaya zai janyo shasin ya bi shi. A yi kaɗan nan, a tsallaka can, a bari ya huce. Kowace safiya kuma, kafin a kunna inji, a ɗauko tiyo a sake duba sanduna da madogarai. Akuya na iya goga jikinta a sanda da dare, ruwan sama na iya zaunar da katako. Minti goma ne.

Akwai kuma al'adar nan ta gasa shasi da wutar gas har ya yi ja, sannan a ja shi da sarƙa a jikin bishiya. Tsohon ƙarfe mai taushi yana iya jure wani abu daga ciki. Amma motocin zamanin nan, irin waɗanda ke shigo mana ta Kwatano da Legas, waɗanda wasunsu ma sun riga sun yi hatsari a ƙasashen da suka fito, an yi muhimman sassansu da ƙarfe na musamman mai ƙarfi wanda zafi ke kashe masa ƙarfin. Zai miƙe, ido ya ga ya yi kyau, fenti ya rufe. Ranar da aka sake karo, nan ne zai naɗe a kan mutanen da ke ciki. Irin wannan sashe idan ya karye ko ya yi mummunar lanƙwasa, canza shi ake yi.

A-kori-kurar Kawu kuwa, sai da aka sake yanke rabin waldar nan mai kyau, aka tallafe ta a kan awon ruwa, aka sake ɗinkewa. Kuɗin aiki biyu, gilashi biyu, fenti biyu, da wata guda ba ta je Dawanau ba. Tiyon da ya tona asirin kuwa aro aka yi daga wurin magina.

Don haka ina kira ga masu motoci: ranar da mai gyara ya ce yau awo kawai zai yi, kada ku ce ya zauna bai yi aiki ba. Ku ba shi ranar, ku biya shi ita, sannan ku ce ya nuna muku takardar da ya rubuta adadin kafin aiki da bayan aiki. Ku kuma iyayen gidan gareji, ku sayi tiyo mita 10 da tef na ƙarfe da littafi guda, ku rataye su kusa da injin walda, ku zaunar da yaranku ku koya musu karatun saman ruwa tun kafin ku miƙa musu kan walda.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda ya gwada wannan awo a garejinsa, ya aiko mana da abin da ya samu, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Direbobi, a yi tuƙi a hankali. 

(Kiɗan rufe shiri)